Neman shawara: Sau uku ana yi wa maigidana maganin taifod, amma sai ƙara ramewa yake yi

Mai neman shawara, daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Aurenmu shekara 7, yaranmu biyu, babbar tana da shekara 6, ƙaramin wata 14 ina shayar da shi. Maigidana tela ne. Tun ƙarshen damina ya fara wani zazzaɓi marar ƙarfi. Da safe lafiya lau zai fita shago, amma la'asar na yi sai jikinsa ya ɗau ɗumi, ya dawo gida ya kwanta ko tuwo ba ya iya taɓawa. Da dare kuma gumi, a cikin wannan sanyin hunturun, sai na tashi na canza masa riga saboda ta jiƙe sharkaf.

Mun je wani kemis da ke da ɗan ɗakin gwaji, aka ɗebi jini aka ce taifod ne 1/160, aka ba shi wani magani wai shi sifro na kwana 10. Ya ji sauƙi kamar mako biyu, abin ya dawo. Muka koma aka ce ya hau 1/320, aka yi masa allurai da ƙarin ruwa. Yanzu ya gama karo na uku. Wata huɗu ke nan. Jiya na same shi yana rage ƙugun wandonsa a keke, karo na biyu, na shiga ɗaki na yi ta kuka. Akwai ɗan tari ma, amma mun ɗauka ƙurar yadi ce da hazo. Surukata ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa saboda shagonsa ya fara ciniki. Don Allah wane maganin taifod ne ya fi ƙarfi, na asibiti ko na gargajiya?

Wata 'yar uwa daga Gyallesu:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Taifod naci gare shi, musamman in ruwan 'yan garuwa kuke sha. Ki riƙa tafasa ruwan sha, sannan ki haɗa ganyen gwanda da na mangwaro da lemun tsami ki dafa masa ya sha ya yi surace. Mu shi muke yi.

Mai aikin ɗakin gwaji, Samaru:

'Yar uwa, maganar tafasa ruwa gaskiya ce, ki riƙe ta. Amma ni aikina ke nan, kuma waccan lambar da aka rubuta muku ba ta isa a ce mutum yana da taifod ba. Sunan gwajin Widal, wani likita ɗan Faransa ne ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba. Abin da yake aunawa shi ne garkuwar da jini ya haɗa a kanta, ita kuwa garkuwa tana iya zama a jini wata da watanni bayan an warke, kuma zazzaɓin cizon sauro ma yana iya ɗaga ta. A gari irin namu da kusan kowa ya taɓa shan ruwan da ba shi da tsabta, in ka tara lafiyayyu a bakin kasuwar Sabon Gari ka gwada su, za ka samu waɗanda takarda za ta ce suna da taifod alhali garau suke.

Taifod na gaskiya wata bakteriya ce, wato ƙwayar cuta, mai suna Salmonella Typhi take kawo shi, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Zazzaɓinsa hawa yake yi kullum har ya kwantar da mutum, ga ciwon kai da ciwon ciki, in aka bar shi ya kai mako na uku yana iya huda hanji. Ba ya barin mutum ya riƙa zuwa shago wata huɗu. Gwajin da ke tabbatar da shi shi ne a ɗebi jini a rene shi kwana biyu zuwa biyar a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kuma a nan ake sanin maganin da zai kashe ta. Ku dakata da sayen magani haka nan.

Ma'aikaciyar jinya, Wusasa:

Ƙanwata, abin da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ya tsayar da ni. Tarin nan kwana nawa ya yi? Yana fitar da kaki? Kin taɓa ganin jini a ciki? Akwai wani mai tari a shago ko a gidanku?

Mai neman shawara:

Anti, ya fi wata uku. Da asuba ya fi yi, kakin mai kauri ne. Sau ɗaya na ga ɗan jan abu a hankicinsa ya ce dasashinsa ne. A shago kuma akwai wani yaronsa da ya daɗe yana tari, ya koma ƙauyensu kafin maigidana ya fara. Shagon ƙarami ne, su biyar a ciki, taga ɗaya ce kuma an jingine dilar yadi a jikinta.

Ma'aikaciyar jinya, Wusasa:

To ki saurare ni da kyau. Ba zan yanke hukunci daga waya ba, amma tarin da ya wuce mako biyu, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, waɗannan huɗun in suka haɗu tarin fuka muke fara nema, wato tibi. Kada ki firgita, ana warkewa sarai.

Kin ce ya ji sauƙi da ya sha sifro. Wannan shi ke yaudarar mutane da yawa. Dangin sifro suna ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka, su lafar da ita na ɗan lokaci ba tare da sun kashe ta ba. Sai a ce ai taifod ne tunda magani ya karɓe shi, ita kuwa tana can tana cin huhu. Bakteriya iri-iri ce, kowace da inda take zama a jiki da maganinta. Ta taifod hanji take bi ta shiga jini. Ta kwalara a hanji take tsayawa ta zubar wa mutum da ruwan jikinsa. Ta sanƙarau rufin ƙwaƙwalwa take kamawa, ta mashaƙo kuma maƙogwaro. Duk suna iya zuwa da zazzaɓi ko kasala, shi ya sa ba a auna magani da ƙarfi, da dacewa ake auna shi.

Gobe da safe ki raka shi da kanki, kada ki bar shi ya ce sai ya gama ɗinkin mutane. Mu a Zariya Allah Ya hutar da mu tafiya mai nisa. Cibiyar ƙasa ta horaswa kan tarin fuka da kuturta a nan Saye take, ga asibitin koyarwa na Shika, kuma ƙananan asibitocin gwamnati da dama suna karɓar kaki su aika. Ku ce kuna son gwajin kaki na GeneXpert. Kyauta ne, maganin ma kyauta ne. Ku faɗa musu duk magungunan da ya sha, ku tafi da kwalayen in suna nan.

Wani dattijo daga cikin birni:

'Yata, game da maganar surukarki, kada ki yi jayayya da ita, uwa ce, ciwon ɗanta ke damunta. Ki ce mata za a ci gaba da addu'a da tofi, za a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Ni dai abin da na gani a shekaruna, zargin sammu ya raba zumunci da yawa a kan ciwon da daga baya aka gano tari ne. In da hali ki tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta.

Mai neman shawara, bayan kwana 9:

Salamu alaikum. Na dawo in gode, in kuma ƙara tambaya. Mun je, ya ba da kaki, an ɗauki hoton ƙirji. Tarin fuka ne. Sun ce alhamdu lillahi ba mai bijire wa magani ba ne. Sun auna nauyinsa suka ba shi ƙwayoyi, yau kwana 5 da farawa. Baba na gode, na tafi da Hajiya kamar yadda ka ce, ta ga hoton da idonta ta yi shiru.

Amma yanzu wata sabuwa ta taso. Hajiya ta ware masa kwano da kofi da cokali, ta ɗaura musu jan zare. Ta ce in yaye yaron in tafi gidanmu da yara sai ya warke. Shi kuma ya shiga damuwa, ba ya son kowa a layinmu ya ji. Shekaranjiya kuma ya kira ni a firgice, fitsarinsa ya koma ja kamar ruwan zoɓo. Ya zan yi?

Wani da ya yi jinyar ya warke, Sabon Gari:

Yaya, ki gaishe shi ki ce wani ɗan uwansa da ya bi hanyar nan yana yi masa albishir. Jan fitsarin nan ba jini ba ne, launin ɗaya daga cikin magungunan ne, rifamfisin. Har gumi da hawaye yana iya rinawa, ni farar singiletina ta sha. Abin da zan ja masa kunne a kai guda ɗaya ne. Wajen wata na biyu zai ji kamar bai taɓa ciwo ba, abinci zai dawo, kumatu su ciko. A nan shaiɗan yake zuwa ya ce ai ka warke. Wani da muke karɓar magani tare ya bari a daidai nan, bayan 'yan watanni ya dawo da wanda ya fi na farko, maganin farko ya daina yi masa aiki. Ni kalanda na manna a bayan ƙofa, matata ke sa alama kullum bayan sallar asuba, sai ta ga na haɗiye take ɗora koko. Kunya kuma ya cire ta. Ba abin da ya aikata, iska ya shaƙa.

Ma'aikaciyar jinya, Wusasa:

Alhamdu lillahi da kuka je. Ki kwance wa kwanon nan zare, amma cikin ladabi. Tarin fuka ba ya bin kwano ko cokali ko musabaha ko wanki. Ta iska yake tafiya, in mai shi ya yi tari ko atishawa a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Don haka tagar nan da kuke toshewa da tsumma saboda hunturu ita ce abin gyarawa. A buɗe tagogi da rana, a ɗage labule rana ta shiga, ya riƙa zama a tsakar gida. Makonnin farko ya kwana shi kaɗai in akwai ɗaki, ya sa takunkumi in zai shiga mutane, ya rufe baki in zai yi tari. In yana shan magani daidai, bayan kamar mako biyu haɗarin yaɗawa yana raguwa ƙwarai, amma ku bar masu duba shi su faɗa muku ranar da zai koma shago.

Tafiya gidanku ba za ta goge wata huɗun da kuka yi a ɗaki ɗaya ba. Abin da zai amfane ku shi ne a duba ku duka, ke da yaran da Hajiya in tana yawan zama wurinsa. Ƙaramin shi na fi ji. Yaro ƙasa da shekara 5 in ya ɗauka, cutar tana saurin yi masa tsanani, har ta kai ƙwaƙwalwa. Ko an duba an ga lafiyarsa lau, akwai maganin kariya da ake ba irinsu na wasu watanni, ki karɓa ki ba shi. Allurar BCG da aka yi masa bayan haihuwa, mai barin tabo a dantse, tana rage mummunan nau'in amma ba ta toshe ƙofa gaba ɗaya. Kada ki yaye shi, nonon ma kariya ne.

Maganin wata 6 ne: wata 2 na farko magani huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, wata 4 na baya magani biyu. Za su sake gwada kaki a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6. In sun ce za su gwada shi ƙanjamau da ciwon suga kada ransa ya ɓaci, kowa ake yi wa, domin su biyun suna raunana garkuwar jiki. Ki sa ido a kan idonsa. In ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinsa ya fara dishi-dishi, ko ƙuraje suka feso masa, ku koma a ranar. Kuma a ajiye jiƙe-jiƙen gargajiya tukuna, hanta tana da aikin sarrafa waɗannan magungunan a gabanta. Ki ba shi wake, ƙwai, alale, miyar zogale, abin da ya sawwaƙa.

Mai aikin ɗakin gwaji, Samaru:

Ƙarin bayani kaɗan don ya san dalilin wata 6, kada ya ga kamar ana ja masa rai. Ƙwayar sunanta Mycobacterium tuberculosis, Robert Koch ne ya bayyana ta a Jamus ranar 24 ga Maris 1882, shi ya sa ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan rana. Jikinta lulluɓe yake da wani abu kamar kakin zuma da ke hana magani shiga da sauƙi. Wasu bakteriyar cikin minti 20 suke rabuwa biyu, ita kuwa sai ta shafe awa 15 zuwa 20, wasunsu ma su kwanta kamar sun mutu. Maganin watannin baya waɗannan masu kwanton ɓaunar yake bi. 'Yar uwarta ce ke kawo kuturta, shi ya sa kika ga an haɗa su wuri ɗaya a Saye. Ki kuma gaya masa ba shi kaɗai ba ne, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, da yawansu kuma ba a gano su ba. Yaran shagon nan huɗu da wancan da ya koma ƙauye, a neme su.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta masa duka, da ya ji maganar singileti har ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa na manta. Hajiya ta yarda ba zan tafi ba, kwanon dai ta ce a bar mata shi tukuna, na ƙyale ta. Ranar Litinin zan kai yaran a duba su. Ya kira ƙaninsa ya je ya janye dilar yadin daga jikin taga, ya kuma sa a nemo masa lambar mahaifin yaron da ya koma ƙauye. Anti, in na je ran Litinin, da katin rigakafin ƙaramin zan tafi ko ba sai da shi ba?

Ma'aikaciyar jinya, Wusasa:

Ki tafi da shi, da na babbar ma in yana nan, da katin maganin babansu. Ki fita da wuri kafin layi ya yi tsawo.