Fitilar lava ɗina ta mutu, dan Allah masu sanin wayarin ku taimaka

Maman_Ikram:
Slm jama'a. Yayana ne ya zo min da fitilar nan daga Amurka, irin wadda kaki yake narkewa yana hawa da sauka cikin kwalba, ni kuma murna ta sa ban karanta komai ba na nemo adafta na jona, kawai naji fat! haske ɗaya ta yi ta ɗauke har da ɗan warin ƙuna. Na sayo ƙaramin ƙwan LED na ɗaura, da ƙyar ma ya zauna, wani lokaci ya kawo wani lokaci sai na murɗa wayar, kuma kakin ko motsi baya yi duk da na barta kusan awa biyar. Yanzu gaba ɗaya ta daina kawowa. Wlh ina son fitilar nan, yarinyata kullum sai ta tambaya. Tana gyaruwa?

Injiniya_Sabongari:
Wslm Hajiya, tana gyaruwa, cikinta ba wani abu bane daga filogi sai waya sai makunni sai holda. Amma ɗaga gindin ki duba takardar dake manne, inaga 120V zaki gani, wutarsu kenan a can, tamu kuma 230V ce, kusan ninki biyu, shi ya ƙona ƙwan. Na biyu holdar irin fitilun nan na Amurka galibi E17 ce, ƙananan ƙwayayenmu na kasuwa E14 (lambar faɗin gindin ƙwan kenan), shi yasa ƙwan ya ƙi zama daidai, yana taɓawa yana saki.

Ki zare ta daga soket tukun, kar ki ce ai na kashe makunni, zarewa zaki yi, ki ɗauke kwalbar ki ajiye gefe. Leƙa cikin holdar akwai ɗan ƙarfe a tsakiya, idan ya kwanta ko yayi baƙi to nan ne. Tunda kince sai kin murɗa waya take kawowa ni nafi zargin wayar ta karye daga ciki, ko a bakin makunnin nan na jikin waya ko inda ta shiga gindi, wuraren da take yawan lanƙwasa kenan. In akwai mitar gwajin waya ta masu wayarin a gida a sa ta kan wurin da take ƙara idan layi bai yanke ba, a gwada daga ƙafar filogi zuwa holda ana kunna makunni ana kashewa, layin da bai yi ƙara ba shi ya yanke.

Ni da nice zan canza komai lokaci ɗaya, holda E14 ta tangaran saboda zafi, sabuwar waya, filogi mai ƙafa uku da fis 3A ba 13A ba. A cikin sabuwar wayar, mai launin ruwan ƙasa ita ce mai wuta, ita zata bi ta makunni ta je ƙarfen tsakiya, shuɗiya ta je gefe, mai kore da rawaya a ɗaure ta a jikin gindin tunda ƙarfe ne. Kuma dan Allah banda haɗin salatif a ciki, zafi ne zai sake shi, waya tsirara ta taɓa ƙarfe yarinya ta zo ta taɓa, Allah ya kiyaye. In baki saba ba ki kai wa mai gyara, aikin rabin awa ne.

Abu_Hanif:
Ƙari akan na Injiniya, LED ba zai taɓa yi ba Hajiya ko yayi haske kamar rana. Fitilar nan tun da Edward Craven Walker ya fito da ita a Ingila a 1963 zafin ƙwan ne injinta, kakin yaji zafi ya yi sauƙi ya tashi, ya je sama ya huce ya dawo. Ki nemi ƙwai mai zare irin na da, wat ɗin da aka rubuta, galibi 25 ne ko 40, kar ki wuce in ba haka ba kakin zai taru a sama ya ƙi saukowa. Farkon kunnawa ki bata awa biyu zuwa uku, kuma kar ta kwana a kunne, awa takwas ya isa. Kar a girgiza tana da zafi, ruwan zai yi duhu. Abin da nafi jin tsoro shine wani ya ce a ɗora kwalbar kan risho ko gas don kakin ya narke, a 2004 wani matashi a jihar Washington haka ya yi, ta fashe gilashin ya soke shi a ƙirji ya rasu.

Maman_Ikram:
Innalillahi, wlh har na yi tunanin sa ta a ruwan zafi. Na duba, 120V 25W ne kamar yadda ka faɗa Injiniya, kuma da ƙanina ya buɗe makunnin waya ɗaya ta zame daga kusar ta ƙone baƙi ƙirin. Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai a sa holda da waya. Amma ƙwan 25 ɗin na zaga shago uku duk LED ne, ina ake samu?

Injiniya_Sabongari:
Amin Hajiya. Je wurin masu kayan firji da oban, ki ce ƙwan oban E14 mai wat 25, shi an yi shi don zafi. Ki tafi da gindin fitilar a gwada, ya zama ƙwan bai taɓa ƙasan kwalbar ba.