Kwamfuta ta ce ruwan alumina ya fi ruwa zalla kwashe zafi, amma malamina bai gamsu ba

Ɗalibar Injiniya:
Assalamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu kan ruwan nano, wato ruwan da aka zuba wa ƙwayoyin alumina (sinadarin aluminiyam da oksijin) ƙanana ƙwarai. Na zana bututu a ANSYS Fluent, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon gudun ruwa da zafi, na ɗora zafi daidai wa daida a bangonsa, alumina kashi 4 cikin ɗari. Na ɗauki haɗin a matsayin ruwa guda, na lissafa isar da zafinsa da tsarin Maxwell, kaurinsa kuma da na Einstein. A lambar Reynolds ɗaya (lambar da ke nuna yanayin gudun ruwa, daga saurinsa, nauyinsa, kaurinsa da faɗin bututu), ruwan nano ya fi ruwa zalla ɗauke zafi daga bango, har na fara murna. Da na kai wa malamin da ke duba aikin, sai ya ce, “Wa zai biya kuɗin famfon?” ya miƙo mini takardun. Don Allah me yake nufi?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malaminki ya taɓa ainihin wurin. Lambar Reynolds tana raguwa idan kauri ya ƙaru. To in kaurin da alumina ta ƙara wa ruwan ya fi nauyin da ta ƙara masa, kafin lambar ta yi daidai da ta ruwa zalla sai an ƙara masa gudu. Kin ga a irin wannan hali wani ɓangare na ribar daga gudun yake fitowa, ba daga ƙwayoyin ba, kuma famfo ne zai sha wahalar.

Masu bincike Pak da Cho sun gwada wannan a zahiri a 1998. A Reynolds ɗaya sun ga riba, amma da suka daidaita gudun, a kashi 3 na alumina, kwashe zafin ya gaza na ruwa zalla da kashi 12. Ki sake kwatancen a gudu ɗaya, sannan a ƙarfin famfo ɗaya, ki kuma fitar da raguwar matsi daga bakin bututu zuwa ƙarshensa.

Sai maganar Einstein. Lissafinsa na 1906, wanda ya gyara a 1911, an yi shi ne don ƙwayoyi mulmulallu, 'yan kaɗan, waɗanda ba sa manne wa juna. A kashi 4 zai ba ki ƙarin kauri kashi 10 kacal, alhali awon ɗakin gwaji yakan haura haka nesa ba kusa ba, domin ƙwayoyin suna dunƙulewa. Wannan abu yana damuna matuƙa: takardu da yawa a kan wannan lissafi suka jingina, ribar ta fito kyakkyawa a takarda.

Abban Sadiya:
Ni a ɗakin gwaji nake. Ki haɗa ruwan a kwalba ki ajiye, in ba a girgiza shi da na'urar sauti an daidaita sinadarinsa ba, za ki tarar da fari ya kwanta a gindi kamar ƙullun koko. Kwamfutarki ba ta san da wannan ba sai kin gaya mata.

Ɗalibar Injiniya:
Na gode ƙwarai, Malam. To in koma tsarin da ke raba ƙwayoyi da ruwa ke nan? Na ga ana yawan ambaton na Buongiorno.

Malam Injiniya:
Kada ki yi gaggawa. Tsarin Buongiorno na 2006 yana ƙara abu biyu: yawon ƙwayoyi na Brown, wato motsinsu na kai-komo babu tsari, da gudunsu daga bango mai zafi zuwa inda ya fi sanyi. Yana da amfani, amma ba zai gyara kaurin da aka shigar ba daidai ba. Maxwell kuwa ki ci gaba da shi: zai ba ki ƙarin isar da zafi kusan kashi 12, kuma gwajin haɗin gwiwa na 2009, wanda cibiyoyi sama da 30 suka auna samfuri iri ɗaya, bai sami abin da ya wuce irin wannan lissafi ba. Fara da ruwa zalla, ki tabbatar lambar Nusselt, mai auna yadda ruwa ke kwashe zafi daga bango, ta sauka a 4.36 in gudun mai natsuwa ne kuma ya kankama. Ki ƙara yawan ragar, wato ƙananan akwatunan da kwamfuta ke raba bututun cikinsu, har sakamakon ya daina motsi. Bayan nan ki nemo kaurin da aka auna da hannu ki shigar, ki turo mana jadawalin mu gani.