Dutsen fosfet na Sakkwato ya maƙale mini a Bukuru

Mai Kuza Bukuru: Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni shawara, barci ya ƙaurace mini. Sana'ata gyaran kuza, gadonta na yi. Mijin ƙanwata ya ce akwai dutsen fosfet wajen Dange da Shuni, masu haɗa takin zamani na nemansa ruwa a jallo. Shi ne dai ya taɓa shigar da ni harkar gawayi, amma waccan ta wuce, ya biya rabi, Hajiyarmu ta ce a bar sauran saboda zumunci. Na sayar da filina muka yo lodi. Mai saye daga Abuja ya ce sai P2O5, wato ma'aunin sinadarin fosfet da ke cikin dutsen, ya kai kashi 30 cikin ɗari, gwaji ya ba ni 23. Na bi da shi ta teburin kuza, wanda muke raba kuza da yashi a kansa da ruwa, ko gezau. Yaya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, teburinka ba shi da laifi. Da nauyi yake rarrabewa. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu, fosfet kuwa kaɗan ya ɗara yashi da dutsen farar ƙasa, to me tebur zai raba? Na Sakkwato dunƙule-dunƙule yake cikin yumɓu. A jiƙa shi, a cuɗa cikin ganga mai juyawa, a tace da rariya, a zubar da ruwan taɓon. Sau da yawa wannan kaɗai kan ɗaga shi.

Baban Ummi: Allah Ya fid da kai. Masu sayen nan haka suke, ni zinc na kai wa wani, sai da kaya suka sauka ya ce bai kai ba. Har yau cikona na hannunsa.

Injiniya: Ban gama ba. In yashi ya rage, sai a niƙa a yi aikin kumfa: ana zuba sinadari mai kamar sabulu, ya kama fosfet ya taso da shi sama. In farar ƙasa ce, kumfa kan ruɗe, don dukkansu kalsiyam gare su, sai an gasa a zafin digiri 900 ko kusa, a wanke. Wannan aikin masana'anta ne, ba na rumfa ba. Me takardarka ta ce kan kalsiyam da ƙarfe da maganiziyam?

Manomi Bokkos: Ranka ya daɗe, bar wahalar nan. Niƙe shi gari ka sayar wa manoma, ƙasar Filato mai tsami ce, tana narkar da shi.

Injiniya: A hankali take narkarwa. Dankali wata uku ne, ba zai jira ba. Su yi asara su biyo shi gida.

Mai Kuza Bukuru: Na gode. P2O5 kaɗai na biya aka gwada, kuɗin sauran da yawa. Kuma Injiniya, da teburin nan na girma, na san halinsa. Ina ganin ruwan ne na sakar masa da ƙarfi.

Maman Sadik: Yaya, a ina aka haƙo, da lasisin wa? Kuma mijin ƙanwar taka nawa ya zuba?

Mai Kuza Bukuru: Hajiya, maganar gida ce wannan. Gobe zan rage ruwan in sake gwadawa. Akwai mai lambar wani mai saye a Kaduna?