Sifirin ɗin ƙofar gareji ya karye, mota kuma tana ciki

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman shawara. Yau da asuba ina dawowa daga masallaci muka ji wata ƙara kamar harbin bindiga, har uwargida ta ce taransifomar layinmu ce ta buga. Na zaga gida ban ga komai ba. Sai da na zo fita da mota na danna rimot, injin ƙofar ya yi ta gurnani, ƙofar ta ɗan ɗaga kamar taki ɗaya ta tsaya cak. Da na haska tocila sama sai na ga sifirin ɗin da ke naɗe a jikin doguwar sandar ƙarfen nan ya rabu biyu, tsakaninsu ya kai faɗin yatsa uku. Guda biyu ne, na hagu ne ya karye. Yara dai a adaidaita sahu suka tafi makaranta. Wa ya san mai gyara na kirki a Kano? Ina Hotoro.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya tsare gaba. Alhamdu lillahi da ba kowa a ƙarƙashinta.

Ɗan Kwari: Alhaji ai abu mai sauƙi ne. Ka kira mai walda ya ɗan haɗa maka bakin, kafin azahar ka fita da motarka.

Mai Walda: Ranka ya daɗe Ɗan Kwari, ni mai walda ne amma wallahi ko an ninka min kuɗi ba zan taɓa ba. Ƙarfen sifirin gasa shi ake yi a masana'anta har ya samu wannan taurin da yake lanƙwasuwa ya koma. Da wutar walda ta taɓa shi wurin ya mutu. Ko ya yi laushi, ko ya zama kamar gilashi. Kana ɗaure shi zai sake fashewa daidai gefen waldar, kuma a lokacin fuskar mai ɗaurin tana kusa. Na taɓa yi wa wani a shagonsa ina ɗan koyo, ko sati bai yi ba. Maigidana ya ce idan na ƙara in tattara kayana.

Ɗan Kwari: To na janye. Mai sana'a ya yi magana.

Injiniya: Baban Ilham, kafin komai ka je ka zare wayar injin daga soket, kuma ka karɓe rimot daga hannun kowa a gidan. Mutane suna ɗauka injin ne ke ɗaga ƙofa. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin, injin jagora kawai yake yi. Ƙofar da ta kai kilo 100 ko fiye, idan sifirin lafiya yake da hannu ɗaya za ka ɗaga ta. Yanzu da ɗaya ya karye duk danna rimot da ka yi injin ne ke cin wuya, sai giyarsa ta cinye ko ya ƙone, ko kuma falen sama na ƙofar ya lanƙwashe inda hannun injin ya kama shi. Sai gyara ɗaya ya zama uku.

Shekara nawa da sa ƙofar? Kuma sau nawa ake buɗewa a rana?

Baban Ilham: Na zare yanzu Injiniya, na gode. Ta kusa shekara bakwai. Buɗewa kuwa, safe in fita, in dawo cin abincin rana, in koma, in dawo da dare. Ban da na uwargida.

Injiniya: To ai ya yi maka ƙoƙari. Irin wannan sifirin da aka saba sakawa, ana ƙera shi ne ya yi buɗewa da rufewa kamar sau 10,000. Ka raba da huɗu, kwana 2,500 ke nan, shekara bakwai ba kaɗan. Ba wanda ya cuce ka, kwanansa ne ya ƙare. Shi ya sa shawarata ka canza duka biyun. Tare aka ɗaura su, tare suka yi aiki, na daman ma yana kan hanya. Idan ka canza ɗaya, bayan 'yan watanni za ka sake biyan kuɗin aiki, ga shi sabo da tsoho ƙarfinsu ba ya zuwa ɗaya.

Na Kaduna: Gaskiya ne wannan. Ni na yi rowar canza ɗaya, kafin babbar salla ɗayan ya bi shi. Mu nan idan ƙofar shago ce irin ta naɗi, Panteka ake zuwa, can za ka samu masu haɗa ta tun daga falle har akwatin sifirin. Amma irin taka mai hawa kan layin dogo ta kwanta a rufi, kayanta daga waje suke zuwa, ba kowane mai ƙofar shago ya san ta ba. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa ɗaure irin wannan.

Ɗan Kwari: A Kano dai Ƙofar Ruwa za ka fara dubawa, layin 'yan ƙarfe da kayan gini. Idan babu a can su za su gaya maka wanda ke kawowa daga Legas ko Dei-Dei ta Abuja. Ka tafi da guntun da ya karye.

Injiniya: Kada ya kwance shi da kansa fa Ɗan Kwari. Wanda ya karye ya saki ƙarfinsa, amma na daman har yanzu a ɗaure yake, kuma sanda ɗaya suke kai. Mai gyara ya zo ya auna a wurin. Abu huɗu ake aunawa: kaurin wayar, faɗin ramin ciki, tsawon sifirin, da kuma naɗin hagu ne ko na dama. Kaurin wayar ma ba da ido ake yi ba, ana ƙirga zobe 20 a auna tsawonsu da tef a raba. Duk wanda ya zo ya ɗaga kai ya ce "ina da irinsa" bai fito da tef ba, ka ba shi kuɗin mota ya koma. Idan sifirin ya yi wa ƙofa kaɗan za ta yi nauyi, idan ya yi mata yawa ta riƙa zabura sama ta ƙi zama a ƙasa.

Sannan ka duba kayan aikinsa. Akwai sanduna biyu na ƙarfe da ake murɗa sifirin da su, masu shiga ramin kansa daidai. Ƙofa mai tsayin ƙafa 7 tana cin murɗi wajen bakwai da rabi, rubu'i-rubu'in zagaye ake yi, kusan sau 30. Idan ka ga ya ɗauko sukudireba ko guntun rodi mai lilo a ramin, ka tsayar da aikin. Nan ne ake karya yatsu da haƙora.

Hajiya Babba: Injiniya Allah ya saka da alheri. Ni tambayata ta mai ce. Yaron gidana baƙin mai yake shafa wa ƙofar shagona, na bakin titi, duk wata. Yanzu ƙofar ta yi nauyi, sai mutum biyu.

Mai Walda: Hajiya ki hana shi. Baƙin mai da giris mai kauri su ne ke kashe ƙofofin shago a garin nan. Da hunturu ya shigo ƙura ta hau kai sai ya zama kamar kwaɓaɓɓen yashi, ya riƙa cin ƙarfen. A wanke hanyoyin gefe biyun da kananzir da tsumma a bar su a bushe. Sifirin da boris su ne ke son mai, shi ma ɗan feshi kaɗan, irin na silikon ko farin giris na gwangwani. Sau biyu a shekara ya isa, kafin damina saboda tsatsa, da bayan hunturu idan an share ƙura. Idan an yi haka har yanzu da nauyi, to sifirin ne ya saki, sai a ƙara masa ɗauri ko a canza.

Na Kaduna: Man feshin nan na gwangwani, WD-40 fa? Shi nake fesawa.

Mai Walda: Yana da kyau wajen kwance noti mai tsatsa da wanke datti, amma ba ya daɗewa a jiki. Ka wanke da shi, ka bi da na silikon.

Baban Ilham: Jama'a na gode ƙwarai. Saura motar. Ina da ɗaurin aure a Wudil gobe.

Injiniya: Da so samu ne ka jira mai gyaran ya zo ya buɗe da kansa. Idan dole ce, ƙofar tana ƙasa a rufe za ka ja jar igiyar nan da ke raba ta da injin, kada ka taɓa jan ta ƙofa tana sama. Ka samu majiya ƙarfi uku, su ɗaga tare a hankali, yatsu nesa da mahaɗar fallayen. Idan ta kai sama a tokare ta gefe biyu da katako mai ƙwari, mutum biyu su ci gaba da riƙewa, ka fitar da mota, a sauke ta a hankali. Yara su kasance a cikin gida. Bayan an gyara kuma, kafin ka biya, a cire ta daga injin ka ɗaga ta zuwa ƙugunka ka saki. Idan ta tsaya a wurin aiki ya yi. Idan ta zame ƙasa ko ta haye sama, ya sake ɗauri.

Ɗan Kwari: Ko ka bar mota ta huta Alhaji, ni ma Wudil ɗin za ni. Ƙarfe tara zan biyo ta Hotoro.

Baban Ilham: Shi ke nan ma, Allah ya bar zumunci. Na Kaduna, Injiniya, wanda aka turo min lambarsa ta bayan fage ya zo ya auna, da tef ɗinsa da sandunansa. Ya ce igiyar ƙarfen gefen hagu ma ta fara tsintsinkewa, za a haɗa da ita. Sai ranar Litinin kaya za su iso.

Hajiya Babba: Alhaji idan ya gama naka ka turo min shi shagon, in ya san ta naɗi.