Koci ya taɓa mai gudu a tasha ta uku: a fitar da shi ko a ƙyale?

Sabon_Alƙali:
Assalamu alaikum. Tambayata kan wasan besbol na 'yan makaranta ce. Mai gudu ya zagayo tasha ta uku (ta ƙarshe cikin wuraren da ake takawa kafin a kai gida a ci maki) da gudu, kocin da ke tsaye a wurin ya ɗaga hannu yana cewa ya tsaya, sai yaron ya yi karo da shi, ya koma tashar. Ko wannan ya isa a fitar da shi? Kuma ƙwallo ta mutu ke nan, wato wasa ya tsaya?

Malam_Uku:
Wa alaikumus salam. Taɓawa kaɗai ba laifi ba ce. Doka ta 6.01(a)(8) a littafin dokokin besbol na Amurka ta ce sai in alƙali ya ga koci ya taɓa ko ya riƙe mai gudu ta yadda ya taimake shi barin tashar ko komawa gare ta. To ka duba hannun kocin. Ya tare ƙirjin yaron ya taka masa birki? Ya janyo rigarsa? Ya tura shi ta baya zuwa gida? Ya ɗaga shi bayan ya faɗi? Duk waɗannan taimako ne, yaron ya fita. In kuwa koci na tsaye ne yaron ya afka masa kamar ya afka wa bango, yawancin alƙalai ba sa hukunta wannan. Inda ake samun saɓani shi ne kocin da ya shiga gaban yaron da gangan, ko da bai miƙa hannu ba. A ganina wannan ma taimako ne, don jikinsa ya sa ya tsayar da shi.

Mai_Tsaron_Gida:
Batun ƙwallo, kada ka yi gaggawar tsayar da wasa. A dokokin NFHS, ƙungiyar da ke tsara dokokin wasannin makarantun sakandare a Amurka, doka ta 3-2-2, nan take za ka nuna mai gudun ka ce ya fita, amma wasa na ci gaba. Kuskuren sababbin alƙalai shi ne ɗaga hannu biyu, alamar tsayar da wasa, sai su hana masu tsaro damar fitar da wani a tasha ta biyu. In ku alƙalai biyu ne kawai a fili, ku yi magana tun kafin wasa kan wa zai sa ido a tasha ta uku, don na cikin fili sau da yawa hankalinsa na kan mai bugu.

Malam_Uku:
Ƙarin bayani, Malam: in ƙwallo ta tsallake katanga, ta mutu, tafawa da koci ba komai. A 1998 ɗan wasa Mark McGwire ya wuce tasha ta farko bai taka ba a bugunsa na 62 da ya tsallake katanga a wannan shekarar, koci Dave McKay ya mayar da shi ya taka, ba a fitar da shi ba.

Sabon_Alƙali:
Na gode, Malamai. To in jifan mai tsaro ya bugi koci fa?

Mai_Tsaron_Gida:
In bisa kuskure ne, ƙwallo na raye, a ci gaba. In da gangan ya tare ta, mai gudu ya fita.