Ta yaya za a koya wa ɗaliban likitanci yadda tsarin kiwon lafiya yake tafiya?

Likitan Mabera:
Assalamu alaikum. Ɗaliban ajin ƙarshe sun san maganin jijjiga da na sanƙarau a ka, amma ka tambaye su ina takardar da suka cika take zuwa, ko daga ina kuɗin maganin asibitin mazaɓa yake fitowa, sai su yi shiru. Ana zana masu matakai uku a allo: matakin farko, asibitocin jiha, sai asibitin koyarwa na tarayya. Su haddace, su ci jarrabawa, su manta. A makonnin da ake tura su karkara, me za a sa su yi da zai zauna masu?

Ungozoma Sakkwato:
Wa alaikumus salam, Dakta. A ba kowane ɗalibi mara lafiya ɗaya da aka turo, ya bi sawunta da baya har ƙofar gidansu. Mai jijjigar haihuwa ta fi dacewa, don tana ratsa kowane mataki. Ya rubuta lokuta uku: awa nawa kafin a yanke shawarar fita da ita kuma wa ya yanke, awa nawa a hanya da kuɗin mota, sannan minti nawa daga ƙofar asibiti zuwa hannun likita.

Daga nan ya duba takardar turawa. Allurar magnesium sulphate, wato maganin jijjigar, ta farko giram 14 ce, 4 a jijiya, 5 a kowane ɗuwawu, ana bi da giram 5 duk awa 4. In takardar ba ta nuna ko an yi allurar da kuma ƙarfe nawa aka yi ta ba, wanda ya karɓe ta a Asibitin Ƙwararru ko na Maryam Abacha da ke Sakkwato yana tsakanin maimaitawa da jinkirtawa, kuma duka biyun haɗari ne. Sai kuma ɓangaren takardar da ya kamata a mayar wa asibitin da ya turo. Shi aka fi mantawa, kuma galibi likitoci ne suke barinsa ba a cika ba. Ɗalibin ya cika shi, ya kai da hannunsa.

Malam na Tudun Wada:
Hajiya ta yi daidai, amma a haɗa da bin kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Yadda dokar ta raba: 50 ta hanyar inshora, 45 ta hukumar lafiya matakin farko don magani, kayan aiki da ma'aikata, 5 na gaggawa. Manufar ita ce asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma a jihar Sakkwato muna da mazaɓu 244 a ƙananan hukumomi 23. Ɗalibi ya zauna da shugaban asibiti da kwamitin ci gaban mazaɓa, ya ga littafin kashe kuɗi da jerin waɗanda SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, ta yi wa rajista. Zai gane cewa in ba a kai bayanin kuɗin baya ba, na gaba yana tsayawa. Ya kuma ƙirga magani 10 a kan kanta ya gwada da katin sito, inda ake rubuta shigar magani da fitarsa. Asusun jujjuya magani, wato kuɗin da ake sayar da magani a sake sayo wani da su, yana mutuwa ne ta hanyar bashi da rangwamen da ba wanda ya biya, sai jarin ya zaizaye a hankali.

Jami'in Sa-ido:
Ranka ya daɗe, ina tsoron kada abin ya yi yawa ɗalibi ya koma mai binciken kuɗi, ma'aikata su rufe masa littattafai. A sanar da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma tukuna, a kuma bayyana cewa koyo aka zo yi.

Abin da ba zan bari a tsallake ba shi ne kai rahoto. Amai da gudawa, sanƙarau, ƙyanda, zazzaɓin Lassa, da yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, duk ana sanar da jami'in sa-ido na ƙaramar hukuma nan take, tun a kan zato, ba a jiran sakamakon gwaji. Na shanyewar ƙafa ana ɗaukar bayan gida sau 2, tsakaninsu awa 24 zuwa 48, cikin kwana 14 da farawa, a kai shi da sanyi. Kowane ɗalibi ya cika fom ɗin kai rahoton sau ɗaya, ya haɗa jimillar wata guda daga rajista, ya ga yadda ake shigar da ita DHIS2, manhajar da ake tattara bayanan lafiya a cikinta. Kuma ya ajiye lambar jami'in a wayarsa kafin ya bar garin.