Muhawara Kan De Jantjes da Talakawan Jordaan

Mai ƙorafi: Jama'a, raina ya ɓaci a wani taron kallon fim da na halarta, inda mai jawabi ya ce fina-finan Holan na 1934 waƙe-waƙe ne kawai marasa ma'ana. Ni kuwa na tsaya a kan cewa De Jantjes, labarin matuƙan jirgin ruwa uku da suka dawo unguwar Jordaan a Amsterdam, shi ne fim mai sauti na farko da ya bar talakan Holan ya yi magana da karin harshen unguwarsu.

Malamin tarihi: Ɗan'uwa, kalmar "na farko" ba ta zauna ba. Fim mai sauti Willem van Oranje na darakta Jan Teunissen, wanda aka ɗauka a Eindhoven, ya fito a Janairun 1934, naka kuma sai Fabrairu.

Mai ƙorafi: Malam, cewa na yi na farko a kan talakawa, ba na farko a fitowa ba.

Ɗalibar fim: Duk da haka Malam ya yi gaskiya, kuma ko a kan talakawa ba shi ne farko ba, domin tun 1922 an mayar da wasan kwaikwayon Herman Bouber, wanda shi ne asalin De Jantjes, fim marar sauti.

Wani dattijo: 'Yata, wanda ba a jin muryarsa ba ya cikin lissafi. Fim ɗin Teunissen ma bai samu 'yan kallo ba, alhali jama'a sun cika sinimomi saboda De Jantjes, kuma a ganina wanda mutane suka karɓa shi ya cancanci sunan farko.

Malamin tarihi: Baba, kasuwa ba ta sauya kwanan wata. Sannan ina tantamar yadda za a kira wannan sana'a ta Holan zalla, tunda Jaap Speyer, daraktan De Jantjes, a Jamus ya ƙware, Richard Oswald, daraktan Bleeke Bet, wani fim kan unguwar Jordaan, shi kuma gudun hijira ya kawo shi Holan bayan hawan Hitler.

Ɗalibar fim: Malam, Speyer haifaffen Amsterdam ne, kuma ba na son a cire wa mutum asalinsa don ya yi aiki a waje.

Wani dattijo: Bari in taƙaita abin da aka tattauna. An amince cewa Willem van Oranje ya riga fitowa da wata guda, amma hujjar Malam ta tsaya a kalanda kawai, ba ta rushe maganarmu ba cewa De Jantjes ne ya buɗe wa fina-finan Jordaan irin su Bleeke Bet da Oranje Hein hanya.